Tagar Ɗakin Iya

Kafin ka ga Mai Walda za ka ji shi. Makullai ne a ƙugunsa, ya zura su a wani zoben ƙarfe da ya lanƙwasa da hannunsa, suna kacau-kacau duk inda ya sa ƙafa. Ƙafar kuwa ba ta san zama ba. Ko shayi zai sha a tsaye yake sha, idonsa a hanya, kamar wanda aka ce wa mota za ta tashi ta bar shi. Mai Faci, wanda rumfarsa ke manne da shagon waldar, yakan ce da ana biyan mutum ladan zirga-zirga, da maƙwabcinsa ya daɗe da gina bene.

Ba haka yake tun asali ba. Shi ne auta a ɗakin uwarsa, ubansa ya rasu yana ƙarami, uwar ce ta kama hannunsa ta kai shi koyon sana'a. Hannun ya faɗa da wuri. In ya haɗa ƙarfe biyu, to sai dai ƙarfen ya karye a wani wuri, ba dai inda ya haɗa ba. Ya yi aure, matar tana sayar da yadi a kasuwa, Allah ya ba su 'ya'ya, ya lallaɓa ya gina ɗan gidansa mai falo a gaba da ɗakuna a baya. Da ƙafafun uwar suka fara yi mata gardama sai ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin ƙarshe, mai taga ɗaya da ke kallon wani siririn lungu. Kowa a gidan Iya yake ce mata. Ita kuma har ya yi furfura a gemu ba ta daina ce masa Auta ba.

A coci yana cikin mawaƙa. Murya gare shi mai kauri, in ya saki ta har bencin da kake zaune sai ka ji yana ɗan rawa. Matarsa takan ce muryar ta aura, mutumin biyo ta ya yi.

Wata Lahadi ce ta sauya shi. Lokacin gari ya fara zafi, masana'antar da ke ɗaukar samarin unguwa ta rufe, abinci ya yi tsada, sata ta kai har da rana tsaka ana yi. Sun tafi sujada sun bar Iya a gida tana hutawa. Da suka dawo, yara na gaba suna tsalle-tsalle, suka tarar an ɓalle tagar falo. An kwashe talabijin, an kwashe keken ɗinki da ɗaurin yadin da matar ta saro. Iya na kwance a ƙasa a bakin ƙofar ɗakinta. Ta ji motsi ne ta lallaɓo ta ɗaga musu murya, ɗaya daga cikinsu ya hankaɗe ta. Daga wannan faɗuwa ba ta sake takawa ba sai an riƙe ta.

Ba kayan ne suka tsaya masa a rai ba. Ya zauna ya auna lokacin, ya gane cewa a daidai sa'ar da yake tsaye gaban jama'a yana waƙar Ubangiji mai tsaron bayinsa, a daidai sa'ar wani ƙato yake ture uwarsa. Bai gaya wa kowa wannan tunani ba. Ya dai bar ƙungiyar mawaƙa, ya ce hayaƙin walda ya ɓata masa maƙogwaro. Bai daina zuwa coci ba, don ba ya son surutun mutane, amma ya koma bencin baya kusa da ƙofa, kuma kafin Fasto ya ɗaga hannu ya sa albarkar sallama, sai ka ji kacau-kacau, ya fice.

Fushi yake da Allah, in za a faɗi gaskiya. Irin fushin nan na cikin gida, da ake gaisawa amma ba a hira.

Sai ya koma ga abin da ya sani. Ya cire ƙyauren katako na gidansa ya sa na ƙarfe mai kauri, da makulli na ciki, da sakata, da kwaɗuna a waje. Ya bi tagogi yana sa musu rodi mai kaurin babban yatsa, a tsaye da a kwance, ya narka su cikin firam ɗin ƙarfe, firam ɗin kuma cikin bango. Babu wurin buɗewa, babu kusar da za a kwance. Mutanen unguwa suka gani suka yaba, aiki ya yi ta zuwa masa, domin tsoro ya shiga kowane gida. In ya gama wa mutum taga sai ya buga ta da guduma ya ce, "Wanda zai shiga ta nan sai ya zo da injinsa da wutarsa da abincin ranarsa."

Kullum da safe, in yara sun tafi makaranta, matar ta tafi kasuwa, sai ya ajiye wa Iya butar ruwa da abinci a gefen gado, ya fito ya kulle gidan ta waje. Ya san halinta. Duk wanda ya yi sallama, ko da rarrafe ne sai ta je ta buɗe masa. Sai ya ja kwaɗo ya ji ya kama, ya yi taku kaɗan, ya dawo ya sake ja. Yana shago ma hankalinsa na gida. Tsakiyar aiki sai ya ajiye, ya ce wa Mai Faci ya sa masa ido, ya ruga ya zagaya gidan ya dawo yana haki.

"Gidan yana nan?" Mai Faci zai tambaya. "Ko ya ɗan matsa?"

Taga ɗaya ta rage, ta ɗakin Iya, don ita ta hana. Duk ranar da ya zo da awo sai ta ce kanta na ciwo. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, ya haɗa ƙarfen a shago, ya turo shi a baro tare da injin waldarsa wata Asabar da yamma.

"Auta," in ji ta, tana kallonsa daga kan gado, "laifin me na yi aka yanke mini ɗaurin rai da rai?"

"Iya, don lafiyarki ne."

"Ta tagar nan nake ganin sama. Ta nan matan maƙwabta ke miƙo mini hannu mu gaisa."

"Za ki ga saman ta tsakanin rodi. Hannu ma zai wuce."

"Wanda ya tsare ni tun kafin a haife ka yana nan, bai yi tafiya ba."

"Ranar nan ma ai yana nan," in ji shi.

Maganar ta fito ne kafin ya kama ta. Iya ta dube shi, ta ce a hankali, "Au. Ashe nan ciwon yake." Shi dai ya sunkuya yana warware waya kamar bai ji ba.

Wayar doguwa ce, mai kauri. Ya cusa kanta ɗaya a soket ɗin falo, ya ja ta har ɗakin baya, ya murɗa tsirarar bakinta a jikin injin, yadda masu walda suka saba. Ya ɗaga ƙarfen ya daidaita shi a tagar. To, kowane mai walda da ya san aikinsa ba ya fara jan walda gaba ɗaya. Sai ya ɗan ɗiga a kusurwoyi tukuna, ɗigo ƙanana kamar ƙwayar wake, don ƙarfen ya tsaya ya duba ko ya miƙe. In ya karkace, bugu ɗaya zai ɓalle shi a gyara. Sai ya tabbata komai daidai sannan ya bi ya narka. Mai Walda ya ɗiga kusurwoyinsa, ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya ga aiki ya miƙe sambal. Ya sa sabuwar sandar walda, ya sauke baƙin gilashi a fuskarsa.

Sai aka ji wata ƙara daga bakin titi, dum, kamar tayar babbar mota ta fashe. Injin ya yi shiru. Taransifomar unguwa ce ta ƙone.

Ya tsaya riƙe da sanda yana jiran a dawo da wuta har rana ta faɗi. Da ya gaji ya kwance injin ya mayar shago. Wayar kuwa bai zare ta daga soket ba, ya naɗe ta ya tura bayan kujerar kushin da ke falo. Kafin ya kwanta ya ɗauko baƙin fenti ya shafe kusurwoyin tagar sosai, yadda duk wanda ya leƙo daga lungu zai ɗauka gamammen aiki ne.

"Baban yara, wayar nan fa?" matarsa ta tambaya washegari tana shara.

"Bar ta a nan. Gobe ko jibi za a kawo wuta, in ƙarasa."

Ba a kawo gobe ba, ba a kawo jibi ba. Mako ya bi mako. Masu gyara suka zo suka duba suka tafi, aka ce sai an kawo sabuwa daga wani wuri, aka ce tana hanya, aka ce hanyar ce ba kyau. Damina ta sauka ta same su a duhu. Shagon walda ba wuta kuwa rumfar zaman banza ce. Ƙyamaren mutane da ya fara suka jingina da bango suna tsatsa. Masu haƙuri suka jira, marasa haƙuri suka zo da mota suka kwashe kayansu zuwa wata unguwa. Cefanen gida ya koma kan yadin matarsa, yadin ma ba saye ake ba, wanda bai ci ba ina zai tuna da sabuwar riga. Abincin yara ya ragu a kwano, kowa ya gani.

Duk wannan bai dame shi kamar tagar ba. Shi kaɗai ya san ɗigo ne ke riƙe da ita, kuma sanin ya hana shi sakat. Ya ga kamar kowane saurayi da ya wuce ta bakin lungun ya sani. Ya rame. Zirga-zirgarsa ta ninka, har Mai Faci ya daina tsokanarsa, ya fara tausayinsa. Shi ne ma ya aro masa babban janareta wurin surukinsa, suka turo shi da ƙyar har ƙofar gida. Janaretan ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya tashi kamar abin kirki. Mai Walda na taɓa sanda a ƙarfe ya mutu, bai sake tashi ba. Wani karon aka ce masa akwai mai waldar gas a ƙetaren titi, ya je ya tarar mutumin ya rufe shago ya koma ƙauyensu. Ya dawo yana magana shi kaɗai a hanya.

A lokacin ne ya koma yin addu'a, in dai za a kira wannan addu'a. Ba roƙo yake ba, umarni yake bayarwa. "Ka ga dai halin da nake ciki. Ban ce ka tsare mini gida ba, ni zan tsare abina. Wuta kawai nake so. Ko ta rabin yini ce." Amin ɗin ma a tsaye yake faɗinta, hannu a kan makullai.

Wata rana Fasto ya biyo ta shagon. Dattijo ne mai tafiya a hankali, ya zauna a kan wata tsohuwar taya ta Mai Faci kamar kujerar ofis ce.

"Ɗan'uwa, maƙogwaron bai warke ba har yanzu? Mawaƙa suna ta cigiyarka."

"Hayaƙi ne, Fasto."

Fasto ya dubi injin da gizo-gizo ya yi wa saƙa. "Ai na ga an kwana biyu ba a yi hayaƙi a shagon nan ba."

Mai Faci ya shige bayan rumfarsa don kada a ga dariyarsa. Mai Walda ya yi ta juya zoben makullai.

"Ban zo in yi maka wa'azi ba," in ji Fasto. "Amma in kana da magana da Ubangiji, ka faɗa masa kai tsaye. Fushin mutum ba ya ba shi tsoro, ya ji wanda ya fi naka. Zaman bencin baya ana gaba da shi ne ba ya kai mutum ko'ina."

"Ba ni da magana da kowa, Fasto. Wuta nake jira."

"To, Allah ya kawo ta a lokacinsa."

"A nawa lokacin dai nake so," in ji Mai Walda, bayan dattijon ya yi nisa.

An kawo wutar wata Alhamis da hantsi. Ba sanarwa, ba komai, sai fankar shagon mai aski da ke tsallake ta fara juyawa, unguwa ta ɗauki sowa. Mai Walda ya zabura. Tunaninsa na farko tagar ce, har ya jawo baro zai ɗora injin. Sai idonsa ya faɗa kan wani babban ƙyaure da mai shi ya ce in bai samu a makon nan ba zai zo ya ɗauke. Layi ɗaya ya rage a jikinsa. Ya ce a ransa, bari in ja wannan, in ya so in wuce gida da kuɗin cefane. Ya haɗa injin, ya ji ƙugin nan da ya yi kewa, ya sauke baƙin gilashi.

Wanda bai taɓa sa gilashin walda ba bai san yadda yake ba. Duniya gaba ɗaya baƙa take komawa, ba ka ganin komai sai ɗan wurin da ƙarfe ke narkewa, ba ka jin komai sai ƙarar tartsatsi. Mutumin da ya yi watanni yana leƙen hanyar gidansa ba hutawa, a wannan ɗan lokacin ne kaɗai bai leƙa ba. Layi ɗaya ya zama biyu, don hannunsa ya ji daɗi. Bai ga mutane na gudu ba. Bai ga hayaƙin da ya tashi ta bayan gidaje ba. Sai da Mai Faci ya fizge gilashin daga fuskarsa.

"Gidanka ne. Tashi."

Bai san yadda ya isa ba. Ya tarar da jama'a cike da ƙofar gidan, mata na miƙo bokitai, maza na watsa ruwa ta tsakanin rodin tagar falo, wuta na lasar labule tana fitowa. Wasu ƙarti sun samo taɓare da guduma suna dukan ƙyauren. Ko gezau bai yi ba. Wasu sun sa ƙarfe suna ɓamɓarar tagar gefe, ƙarfen nasu ne ya lanƙwashe. Aikin Mai Walda ne, kuma aikin ya yi kyau.

"Ga mai makulli! Ku ba shi hanya!"

Ya faɗa kan ƙofar. Makullan da ya sani kamar yatsunsa suka rikice masa, ya sa wannan ba shi ba ne, ya sa wancan. Kwaɗon farko ya yi zafin da ya ji fatar tafinsa ta kama, bai saki ba. Ya buɗe shi, ya buɗe na biyu, ya murɗa makullin ciki ya ji ya juya. Ya ja. Ƙyauren ya kumbura da zafi ya cije a cikin firam ɗinsa. Ya sa hannu biyu ya ja har wani ya rungumo shi ta baya ya janye shi, yana cewa ko ƙofar ta buɗu wuta ce a bayanta.

A nan ya ji tarin. Daga can ciki, siriri, na tsohuwa.

Ya durƙushe cikin taɓon ruwan da aka zubar. "Yesu," ya ce, "ni na kulle ta. Ni ne. Ba ɓarawo ba ne, ni ne. Ka ji tausayina." Wannan karon ba umarni a ciki. Bai ma san me yake roƙo a yi masa ba, don duk hanyar da ya sani shi da kansa ya toshe ta.

Bai rufe baki ba tagar ta faɗo masa a rai. Tagar da ta hana shi barci, wadda ya roƙi wuta dominta.

Ya miƙe ya kama rigar Mai Faci da gwiwar hannu, don tafinsa ba ya iya kama komai. "Ɗauko guduma. Biyo ni." Suka kutsa lungun baya, inda mutum biyu ba sa jerawa. Hayaƙi na fitowa ta tagar Iya, baƙi, amma wutar ba ta iso ba. Mutane sun leƙo nan tun farko, sun ga rodi iri ɗaya da baƙin fenti, sun koma.

"Wannan ma ai aikinka ne," in ji Mai Faci. "Ba za ta ɓallu ba."

"Ba tsakiya ba. Kusurwa. Buga kusurwa."

Mai Faci ya ɗaga guduma ya sauke. Ɗigon ya yi ƙas ya rabu, kamar an fasa gyaɗa. Ya bi sauran. Ƙarfen gaba ɗaya ya sunkuyo ya faɗi cikin lungun, Mai Faci ya tsaya baki buɗe.

Mai Walda ya haura. Bai ga komai ba, da ƙafa ya lalubo ta. Ta mirgino daga gado ta kwanta a ƙasa, ta juye ruwan butarta a zani ta rufe fuska. Ya tallafo ta da damatsansa, ba ta fi nauyin ƙaramar yarinya ba, ya miƙa ta ta tagar. Hannaye da yawa suka karɓe ta.

Motar kashe gobara ta iso ta ƙarasa abin da bokitai suka fara. Falo ya tafi, ɗakin gaba ya tafi da rabin rufin. Da aka shiga duba abin da ya rage, aka ga inda wutar ta tashi: bayan kujerar kushin, inda wata doguwar waya ke naɗe, kanta ɗaya a soket. Matarsa ta gani da idonta. Ta zo asibiti ta zauna kusa da shi, ta ba shi ruwa a baki don hannayensa biyu na cikin bandeji, ba ta ce masa komai ba game da wayar. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Iya na gadon da ke kusa da bango, an sa mata robar numfashi an cire. Da ɗakin ya rage mutane, ya ja kujera da ƙafa ya matsa kusa da ita.

"Iya, wayata ce. Ni na bar ta."

"Na sani. Ina jin lokacin da ta yi tartsatsi."

"Kuma tagar, ban gama ta ba. Ɗigo ne kawai na shafa wa fenti. Tun ranar nake roƙon a kawo wuta in narke ta. Da an ba ni ko rabin sa'a a ranar, ko da janaretan nan ya tashi..."

Iya ta yi ɗan tari, sai kuma ga mamakinsa ta yi murmushi. "Ashe jan igiya muke ni da kai. Kai kana roƙon a kawo, ni ina roƙon kada a kawo. Kullum in na buɗe ido sai in ce, Ubangiji, taransifomar nan ka bar ta yadda take."

"Iya. Watanni muna shan wahala."

"To na san abin zai yi tsawo haka? Ni dai tagata nake so." Ta numfasa. "Ka duba, Auta. Ubangiji bai bi naka ba, bai bi nawa ba. Ya ɗauke wutar a ranar da ya ga dama, ya kawo ta a ranar da ya ga dama. Ranar da aka ture ni ma yana nan, kamar yadda ka faɗa. Ban san dalilin waccan ba, ba zan yi maka ƙarya in ce na sani ba. Amma ban taɓa ɗauka ya fita ya bar ni ba."

Ya sunkuyar da kai kan gefen gadon. Kuka ya zo masa irin na manya, mai wuyar fita. Ya faɗi abin da ya riƙe tun waccan Lahadi, ba ga Iya ba, ga wanda yake gaba da shi. Ya ce ya yi fushi. Ya ce ya ɗauka ƙarfensa ya fi amana. Ya ce ya mayar da uwarsa fursuna ya kira abin ƙauna, alhali tsoro ne da girman kai. Ya roƙi gafara da kalmomi marasa tsari, yana maimaita wasu. Iya ta ɗora hannu a kan furfurarsa, ta bar shi ya gama, ta ce amin.

'Yan ikilisiya suka taru suka mayar da rufin. Hannayen suka warke, amma yatsu biyu na dama sun ƙage, waldarsa ba ta sake yin santsin da ba, shi ma ya sani. Aikin farko da ya yi da ya koma shago ba wanda ya sa shi. Ya ɗauki injin yankan ƙarfe ya bi gidajen da ya yi wa tagogi, yana roƙo a bar shi ya yanka ƙaramar ƙofa a taga ɗaya ta kowane ɗakin kwana, mai buɗewa daga ciki. Wasu suka yarda nan take, don sun ga abin da ya faru da idonsu. Wani kuwa ya ce, "In ɓarawo ya gane fa?"

"Zai iya ganewa," in ji Mai Walda. "Da na ce maka babu mai shiga, na faɗi abin da ba ni da iko a kai."

Ya koma cikin mawaƙa. Muryar ta ɗan dushe da gaske yanzu, hayaƙin gobarar ya taɓa ta, matarsa ta ce ba komai, ta riga ta saba da mutumin.

Kada a ce ya zama mai natsuwa, ba a sauya hali kamar riga. Har yanzu a tsaye yake shan shayi. Ƙofar gidan dai da rana a buɗe take, matan maƙwabta na shiga suna fita, makulli ɗaya ne kuma yana rataye a ƙusa cikin gida. Mai Faci na ƙorafin cewa yanzu ba ya jin zuwansa, sai dai ya gan shi tsaye a kansa kamar aljani. Tagar Iya kuwa ƙyauren katako aka sa mata, shi ma yawanci a buɗe.

Ranar da ya fara barin gidan haka, ya kai bakin titi sai ya ja ya tsaya. Ya juyo, ya bi ta lungun baya a hankali, ya leƙa. Iya na kwance, rana ta faɗo a kan ƙafafunta, idonta a rufe.

"Auta," ta ce, ba ta ko buɗe idon ba, "tafi aikinka. Ba kai ke gadi ba."

Ya tsaya kaɗan, hannunsa na laluben ƙugu inda zoben yake a da. Sannan ya kama hanyar shago. Ya waiwaya kafin ya sha kwana, ya sake waiwayawa, amma bai koma ba.